Tsofaffin Sulalla da Lambobin Tunawa: Amsoshin Tambayoyin Hausawa Mazauna Saudiyya

Da wuya ka shiga gidan Bahaushen da ya daɗe a Makka, Madina ko Jidda ka rasa wani gwangwani ko ƙullin tsumma mai tsofaffin kuɗi a ciki. Wasu kakanni ne suka taho da su ta ƙasa, ta Chadi da Darfur har gaɓar Sawakin. Wasu ragowar guzurin Hajji ne. Wasu kuwa daga sarƙar wuyan wata tsohuwa aka ciro su. Ƙaurar da aka yi ta yi daga tsofaffin unguwanni ta fito da irin waɗannan kaya fili, tambayoyi kuma suka yi yawa. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

1. Na tarar da tsofaffin sulalla cikin kayan gado. Me zan fara yi?

Kada ka wanke su, kada kuma ka garzaya da su shagon masu gwal a ranar. Shimfiɗa ƙyalle mai laushi ka baje su ɗaya-ɗaya, kana kama kowanne ta gefensa. Ka ɗauki hoton gaba da baya da gefe a hasken rana, ka auna nauyi da ƙaramin sikelin nan na masu zinariya, ka auna faɗi da milimita, ka rubuta duka a littafi.

Sai abin da ya fi damuna. Nemi tsoffin gida tun suna da rai. Tambayi Hajiya Babba, tambayi Baffa: wa ya zo da wannan, ta wace hanya, a zamanin wane sarki? Nauyi da shekara ko jikokinka za su iya sake dubawa. Amma labarin cewa wannan riyal ladan cirar auduga ne a yankin Jazira na Sudan, wanda kaka ya ƙi kashewa har ya tsallako Bahar Maliya, in wadda ta sani ta rasu ya tafi ke nan. In gado ne da ba a raba ba, sanar da sauran magada kafin ka taɓa komai (duba amsa ta 18).

2. Tsufa ne ke sa kuɗi tsada?

A'a, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin asara, mai saye da mai sayarwa. Dirhamin Abbasiyawa da aka buga a Bagadaza ya haura shekara 1,000, amma an buga shi da yawan gaske kuma ana ta tono tarinsa, saboda haka sau da yawa bai kai kuɗin babban riyal ɗin Sarki Abdul'aziz na 1346 mai lafiya ba. Abin da ke ƙayyade farashi shi ne wuyar samun irin kuɗin, da lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa, sai kuma zinariya ko azurfar da ke cikinsa. Na ƙarshen nan shi ne ƙasan farashi, wanda ba a sauka ƙasa da shi. Sauran ukun su ke ɗaga shi sama, in akwai su. Yadda ake lissafin yana amsa ta 15.

3. Yaya zan gane shekarar da aka buga shi?

Yawancin kuɗin wannan yanki shekarar Hijira ce a jikinsu. Don samun ta Miladiyya a ƙiyasce, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1354 za ta ba ka 1935.

Kuɗin Turkawa na Daular Usmaniyya ta Istanbul kuwa da tarko a cikinsu. Babbar shekarar da ka gani ta hawan sarki ce, ba ta bugu ba. Duk kuɗin Sultan Abdulhamid na Biyu suna ɗauke da 1293, na Muhammad Rashad kuma 1327. Nemi wata ƙaramar lamba, galibi kusa da tambarin nan mai murɗaɗɗen rubutu da ake kira tugra. Ita ce shekara ta nawa a mulki. Haɗa su ka cire ɗaya: 1293 da 20 sun zama 1312, wajen 1894 ke nan. Sharif Husaini na Makka ma haka ya yi: kuɗinsa 1334 suke ɗauke da ita, ga shekarar mulki a gefe. Tsofaffin dinari da dirhami kuwa ba lamba sam, da kalmomi aka rubuta shekarar a zagayen gefe, tare da sunan garin da aka buga dirhamin.

4. Ina da babban riyal mai hoton wata mace, an rubuta 1780. Da gaske ya kai shekarun nan?

Kusan tabbas bai kai ba. Wannan shi ne dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wanda Larabawa ke kira riyal faransi. Ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da Sudan da ƙasar Hausa sun yarda da shi ƙwarai, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba canji. An buga a Biyana, an buga a Rum, Landan, Faris, Bombai da wasu wurare, har yau kuma Ostiriya tana bugawa. Miliyoyi ɗari-ɗari ne a duniya.

Na gaskiya nauyinsa giram 28.07, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, wato tsantsar azurfa giram 23.39. Akwai rubutu mai tudu a gefensa, wanda aka sa don hana masu kankare azurfa. Yawancin waɗanda ke hannunmu kuɗin azurfarsu za a ba ka da ɗan ƙari. Bugun farko-farko na ƙarni na 18 da farkon na 19 sun fi haka, amma sai ƙwararre ya dubi ƙananan alamomi kafin ya tabbatar.

Ƙarancin farashinsa bai rage masa daraja a wurina ba. Da shi aka yi fatauci daga Kano zuwa Kukawa, da shi maƙeran farfaru suka ƙera mundaye, da shi kuma alhazan ƙafa da yawa suka biya kuɗin jirgin ruwa. In ka ga an doka masa hatimin “Najd” ko “al-Hijaz”, karanta amsa ta 10 kafin ka yi murna.

5. Waɗanne ne sulallan Saudiyya da ya kamata in lura da su?

Bi sarautar da aka rubuta a jiki, ita ce ke ba da labari. A 1343 aka buga ƙananan kuɗin tagulla na rabin ƙirshi da kwata a Makka da sunan Abdul'aziz. Na 1344 suna kiransa Sarkin Hijaz kuma Sultan na Najd. A 1346, wato 1928, babban riyal na azurfa ya fito, mai nauyin giram 24 da ɗan ɗoriya, aka sake bugawa a 1348. Waɗannan duk kafin a haɗe ƙasar da sunan Masarautar Saudiyya ne a 1932, kuma su masu tarawa suka fi nema.

A 1354 aka rage girman riyal ya koma giram 11.66, daidai da rufi na Indiya, azurfarsa kashi 917. Irinsa ne na 1367 da 1370, da na Sarki Sa'ud na 1374. Su ne suka fi yawa a gidaje, kuma in ba sabo ful ba ne farashinsu na bin azurfa. Halala ta shigo a 1383. Kuɗin nikel na bayan nan, masu dabino da takubba biyu, yawancinsu na koyo ne ga yaro mai sha'awar tarawa, ba na neman riba ba.

6. Junaihin zinariya fa? Na mahaifiyata mai hoton mahayin doki ne.

Wannan fam ɗin zinariya ne na Ingila, wanda kasuwa ke kira junaihi Joji. Nauyinsa giram 7.98, zinariya mai lamba 22, tsantsarta giram 7.32. Saudiyya ta buga nata junaihin a kan wannan ma'auni a 1370, ta sake a 1377. Ki sani, 'yar'uwa, cewa maƙera a wannan yanki sun daɗe suna ƙera kwaikwayonsa don ado, sau da yawa da zinariya mai lamba 21, wani lokaci har da ɗan hatimin lambar a jiki. Zinariya ce ta gaske, amma ba kuɗin tarihi ba ne, nauyinta kawai za a biya.

Akwai kuma wasu faya-fayan zinariya marasa ado masu hoton gaggafar Amurka, waɗanda aka buga a Filadalfiya tsakanin 1945 da 1947 don kamfanin Aramco ya biya gwamnatin Saudiyya. Babban yana daidai da fam huɗu. Masu tarawa na son su sosai, shi ya sa jabunsu ya yi yawa.

7. Kwabo mai huji da anini da sulen Ingila da kakanmu ya zo da su daga gida, suna da kuɗi?

Kaɗan ne. Kwabo da ɗari da anini masu huji a tsakiya, masu tauraro a baya da rubutun Larabci a gaba, an buga su miliyoyi tun daga wajen 1907. Sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwa na 1913 zuwa wajen 1920 azurfa ne. Na bayansu masu ruwan ɗorawa ba azurfa a cikinsu. Ana yawan ruɗar mutane da kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wai tunda ya sauka daga mulki a shekarar, kuɗinsa ba a samu. A Ingila ne ba a saki kuɗinsa ba. A Afirka ta Yamma an buga da yawa. Ka ajiye su dai. Yaron da aka haifa a Makka, wanda bai san Najeriya kafin naira da kwabo na 1973 ba, da waɗannan za ka nuna masa abin da kakansa ya riƙe.

8. Danginmu ta Sudan suka biyo, kuma akwai kuɗi masu rubutun “Umm Durman”. Na mene ne?

Na daular Mahadi ne. Muhammad Ahmad al-Mahdi ya ci Khartum a Janairun 1885, ya buga kuɗi, ya rasu a shekarar. Halifa Abdullahi ya ci gaba da bugawa a Omdurman har Turawa suka ci shi a 1898. Kuɗin farko suna da azurfa mai kyau, amma da tattalin arziki ya matse sai aka yi ta rage ta, har riyal na ƙarshe-ƙarshe ya zama kusan tagulla zalla da ɗan shafe. Bugun hannu ne, saboda haka karkacewa da rubutun da bai fita sosai ba ba alamar jabu ba ce a nan. Sultan Ali Dinar na Darfur, wanda aka kashe a 1916, shi ma ya buga ƙananan kuɗi a Fashir. Zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna Mai Wurno da sauran garuruwan bakin Shuɗin Nilu sukan samu irin waɗannan a gida.

Gargaɗi mai nauyi: tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 an wawashe gidajen tarihi a Sudan, har da babban na Khartum, kuma UNESCO ta roƙi 'yan kasuwa su guji sayen kayan tarihin ƙasar. Abin da ka gada daban. Abin da wani ya kawo maka jiya ba tare da bayanin asalinsa ba, ka bar shi, ko da an karya maka farashi. Dukiyar mutanen da ke cikin musiba ce.

9. An nuna mini dinari an ce na zamanin Manzon Allah (SAW) ne, da kalmar shahada a jiki. Zai yiwu?

Ba zai yiwu ba. A zamanin Annabi (SAW) da dinarin zinariya na Rumawa da dirhamin azurfa na Farisa ake ciniki, masu hotunan sarakunansu. Dinarin Musulunci mai rubutu zalla, ba hoto, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya fitar da shi a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa wajen giram 4.25. Dirhami irinsa ya biyo baya ba da jimawa ba, siriri, wajen giram 2.9. Masu kauri da ake yawo da su, masu sunayen halifofi huɗu da hoton masallaci, abubuwan tabarruki ne da aka ƙera a Indiya a ƙarnonin baya-bayan nan, ba kuɗi ba ne.

Labarin da dillalai ke kafa hujja da shi gaskiya ne: a 2011 an yi gwanjon wani dinarin Umayyawa na shekarar 105 a Landan a kan fam miliyan 3.7. Dalili shi ne rubutun da ke jikinsa, wanda ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina da ke Hijaz, kuma irinsa 'yan ƙalilan ne a duniya. Dinarin Umayyawa na yau da kullum bai ko kusanci wannan ba, dirhamin garin Wasiɗ na Iraƙi kuwa mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya saye.

10. Yaya ake gane jabu?

Fara da sikeli. Riyal faransi mai giram 24 ko junaihi mai giram 6 ya riga ya tona asirin kansa. Goguwa takan rage kaɗan ne ƙwarai. Sai maganaɗisu: zinariya da azurfa ba sa kama shi, ko da yake rashin kamawar bai isa shaida ba, don dalma da tagulla ma ba sa kamawa. Ɗora azurfa a kan yatsa ka ɗan taɓa ta da fensir, za ka ji ƙara siririya mai daɗewa. Jabu “ƙwas” yake yi ya mutu. Da madubin ƙara girma dubi fili da gefe. Kuɗin gaske doka shi aka yi, rubutunsa da kaifi. Na zubi yana da ƙananan ramuka, rubutu ya yi laushi, sau da yawa ga layin haɗi a gefe.

Jabu mai wuyar ganewa shi ne wanda kuɗin na gaske ne amma an yi masa ƙari. Haka ake doka hatimin “Najd” ko “al-Hijaz” a kan riyal faransi ko rufi na gaske don a ninka farashi, kuma masana sun daɗe suna shakkar yawancin waɗanda ke kan azurfa. Ana kuma gyara lamba ɗaya a shekara. In ka ga mutum da sulalla “masu wuyar samu” guda goma, duk da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, zubi ɗaya ne.

11. Sun yi baƙi. In goge su da toka ko lemun tsami?

Don Allah kada ki yi. Toka, tsamiya, lemun tsami, man goge baki, ruwan wanke zinariya, duk suna cinye fatar kuɗin su bar ƙananan zane da ba sa gyaruwa. Duhun nan da kike gani masu tarawa so suke yi, shi ne shaidar ba a taɓa shi ba, kuma kuɗin da aka goge yakan rasa babban kaso na farashinsa nan take. In ƙasa ce ta manne, jiƙa shi a tataccen ruwa, ki ɗora a kan ƙyalle ya bushe, ba murzawa. Kore mai gari-gari a jikin tagulla ciwo ne da ke yaɗuwa: ware shi daga sauran, a kai wa masani.

12. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don sarƙa fa?

A wurin masu tara sulalla ya zama mai rauni, galibi kuɗin ƙarfensa ne. Amma kada ki ɓalle shi daga sarƙar. Tsohuwar sarƙa ko abin goshi da ke ɗauke da majidi (kuɗin azurfa na Turkawa) da rufi da riyal faransi, a haɗe, kayan ado ne na tarihi mai masu nemansa daban, kuma cire kunnen yana barin tabon wuta da ya fi hujin muni.

13. Mene ne bambancin kuɗin tunawa da lambar tunawa, kuma waɗanne ke da daraja?

Kuɗin tunawa hukuma ce ke fitarwa, da adadin kuɗi a jikinsa, kamar riyal mai ƙarfe biyu na 1419 da aka yi don cika shekara 100 da Sarki Abdul'aziz ya karɓe Riyad a 1319. Lamba kuwa ba a sayen komai da ita. Ko ta tunawa da wani abu ce, ko ta yabo da aka ba wani mutum. Kowa na iya ƙera lambar tunawa, shi ya sa waɗanda ake sayar wa alhazai a shaguna, masu hoton Ka'aba da ruwan zinariya, tsaraba ce kawai. Tambayoyin da za ka yi su ne: wa ya fitar, da wane ƙarfe, guda nawa, akwai akwatinta da takardarta?

Cikin masu tarihi a wannan ƙasa akwai lambar jirgin ƙasan Hijaz. Sultan Abdulhamid ya fara aikin a 1900 daga Dimashƙ, jirgi ya iso Madina a 1908, tasharsa tana nan a Anbariyya. Da gudummawar Musulmin duniya aka yi shi, waɗanda suka bayar kuma aka ba su lamba ta nikel, azurfa ko zinariya gwargwadon abin da suka bayar. Lambar 'yantar da Kuwait ta 1991 kuwa an raba wa sojoji masu ɗimbin yawa, don haka ba ta da tsada.

Lambobin sojan Ingila sukan fito daga akwatunan dattawanmu ma. Dubi gefen: na Yaƙin Duniya na Ɗaya da na yaƙe-yaƙen Arewacin Najeriya na farkon ƙarni na 20 suna da suna da lambar soja a zane, kuma sunan ne ke ɗaga darajarsu. Tauraron Bama, wanda 'yan Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka samu, yawanci ba suna, saboda haka takardar sallama da hoton mai shi ne ke ba shi murya. Kada ka raba lambobin mutum ɗaya, kada ka canza tsohon ƙyallensu.

14. Akwai wata takarda mai harsuna da yawa, an rubuta riyal 10. Kuɗi ce?

Rasidin alhazai ne. Hukumar kuɗi ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1952, ta fitar da shi a 1953 don rage wa mahajjata ɗaukar nauyin azurfa, da rubutu cikin harsuna shida. Jama'a suka mai da shi kuɗi, aka ƙara na riyal 5 da na riyal 1, har takardun kuɗi na sosai suka maye gurbinsa a 1961. Masu tarawa na nemansa. Kada a yi masa guga, kada a manna masa salatif, kada a rufe shi da leda mai zafi.

15. To, yaya zan san abin da nawa zai yi a kasuwa?

Fara da ƙasan farashi: nauyi, sau kason zinariya ko azurfa, sau farashin giram na ranar. Daga nan ka tantance ko wane kuɗi ne daidai, shekara da wurin bugu, ta hanyar shafi irin Numista ko kundayen da masu tarawa ke amfani da su. Sannan ka nemi abin da aka *sayar* da irinsa a gwanjo, mai lafiya kamar naka. Abin da wani ya rubuta a shafin tallan kaya na Haraj ko ya faɗa a TikTok kuɗin da yake fata ne, ba wanda aka biya ba.

Lafiyar jiki ana auna ta da ma'auni daga 1 zuwa 70. Kamfanoni irin NGC da PCGS suna dubawa, su tabbatar da sahihanci, su ba da lamba, su rufe kuɗin a cikin roba. Tsakanin wanda ya sha hannu da wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, farashi na iya ninkuwa sau da yawa a kan kuɗi iri ɗaya. Aikin nasu da kuɗin aikawa ba arha ba ne, saboda haka sai abin da kake da dalilin zaton ya fi kuɗin ƙarfensa nesa.

16. Ana cewa wasu tsofaffin kuɗi na ɗauke da jar zaiba, ko suna jawo arziki. Gaskiya ne?

Ƙarya ce. A 2009 irin wannan jita-jita ta mamaye ƙasar nan a kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka zuba dukiya, ba wanda ya ga komai. Salon bai canza ba: wani zai kira ka ya ce akwai Bature ko attajiri mai neman irin kuɗinka da miliyoyi, amma sai ka biya na “gwaji” ko na “rajista”, ko abokinsa ya sayar maka da kuɗin da zai ce zai saya. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar ko halala daga mai sayarwa kafin ciniki.

17. Yaya zan adana su a zafi da gumin Jidda?

Kowanne a gidansa, kada su gogi juna. Yi amfani da ƙananan kwali masu taga ko kwalayen roba masu tauri da aka yi don sulalla. Guji leda mai laushi mai wari, irin ta PVC: a zafi takan fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. Sa ƙunshin nan masu shan danshi a akwatin, ka nisanta shi da kicin, banɗaki da hayaƙin turare. Takardar bayanin da aka ambata a amsa ta 1 ta zauna tare da su, kwafinta kuma a waya.

18. Akwai zakka a kansu? Kuma ya halatta in sayar da riyal ɗaya a kan ɗari?

Zinariya da azurfa suna nan a matsayinsu ko sun daina yawo a kasuwa. Nisabin zinariya miskali 20 ne, wajen giram 85, na azurfa dirhami 200, wajen giram 595, abin fitarwa kuma kashi 2.5 cikin ɗari bayan shekara. Malaman ƙasar nan sukan ƙiyasta nisabin azurfa da riyal 56 na azurfa irin na 1354. A riyal faransi wajen 26 ke nan, a junaihi kuma wajen 12. Wanda ke saye don sayarwa, hukuncin kayan kasuwanci ne a kansa.

Kuɗin tagulla ko nikel da aka daina amfani da su haja ne, ana sayarwa yadda aka daidaita. Zinariya da azurfa kuwa hannu da hannu ake cinikinsu, in kuma jinsi ɗaya za a musanya sai nauyi ya zo daidai. Wannan ya shafi cinikin intanet da biya kaɗan-kaɗan. Kuɗin da har yanzu ke aiki akwai maganar malamai a kansa, ka tambayi malaminka da bayanin abin da ke hannunka. Wajen rabon gado, a ƙiyasta kowanne tukuna. Rabo da ƙirge, wannan biyar wancan biyar, yakan zalunci wani ba a sani ba.

19. Doka ta yarda in saya, in sayar, ko in tafi da su Najeriya ko Nijar?

Saudiyya tana da dokar kayan tarihi ta 1436, wato 2014, kuma Hukumar Kayan Tarihi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu ce ke kula da ita. Abin da ya kai shekara 100 na iya shiga ƙarƙashinta. Haƙa don neman kayan tarihi ba izini laifi ne, abin da aka tsinta a ƙasa wajibi ne a sanar, fataucin kayan tarihi da fita da su kuma sai da izini. Mai zaune da iƙama ya ƙara kula, domin mai da abin sana'a yana da nasa ƙa'idoji.

A filin jirgi, zinariya da azurfa suna cikin abin da ake bayyana wa kwastan in darajarsu ta wuce iyakar da aka sa. Duba adadin da ke aiki kafin ranar tafiya. Riƙe rasidin duk abin da ka saya. Kada kuma ka karɓi saƙon tsofaffin kuɗi daga wanda ba ka sani ba don ka kai masa gida, ko da ya haɗa ka da Allah.

20. Ina zan je in ga na gaske, kuma ina zan sayar in na yanke shawara?

Ido sai ya saba da na gaske kafin ya gane jabu. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Riyad, wanda aka buɗe a 1999, yana da kuɗin Musulunci na zamani daban-daban, Babban Bankin Saudiyya ma yana da tarin kuɗi na tarihi. Kasuwar Zal a Riyad da shagunan tsofaffin kaya na Balad a Jidda wuraren koyo ne, amma na gaske da na bogi a tire ɗaya suke, ka je da sikelinka.

Wajen sayarwa, raba kayan gida biyu. Waɗanda farashinsu na ƙarfe ne, kamar yawancin riyal faransi da junaihin ado, shagon zinariya ya isa, bayan ka san lissafin amsa ta 15. Waɗanda ake nema kuwa kada su je can, don narkewa za su yi. Nemi dillalin sulalla mai lasisi, ka ji farashi daga mutum uku waɗanda ba su san juna ba, kuma kada ka bar kayan a hannun kowa ba takarda. In abin babba ne, gidajen gwanjo na ƙasashen waje masu ƙwarewa a kuɗin Musulunci, irin Morton & Eden a Landan ko Stephen Album a Amurka, sukan dubi hoto su ba da ra'ayi. Suna cire la'adarsu daga kuɗin da aka sayar, za su tambayi asalin kayan, kuma ba a aika musu komai sai an cika sharuɗɗan amsa ta 19.